HARBI A WUTSIYA BAI FI KUSKURE BA

 

A 'yan watannin nan labarai uku suka ratsa hannunmu a zaman karatu na ƙungiya, kowanne da maharbi a ciki. Ba za mu kama sunan kowa ba, don mu ma mun taɓa tafka irin wannan ɓaranɓarama. A labari na farko jarumi ya hangi ɓauna can gindin dutse, nisan da sai an ƙanƙance ido, ya ɗaga bindigar toka ya harba, ta faɗi ko shurawa ba ta yi ba. A na biyu ɓarayin shanu sun taso wa maharbi, shi kuwa ya yi ta sakar musu wuta da harba-ka-ruga, harbi bakwai a jere babu ɗuri. Ai ko sunan bindigar ya isa ya tsayar da alƙalamin marubucin. Me ya sa aka ce ka harba ka ruga? Don ba ka da harbi na biyu. Marubuciya ta uku ta fi su dabara, ta rubuta cewa ya harbe shi, ta wuce abinta.

Babu ko ɗaya a cikinsu da ya gaya mana abin da aka ɗura a bindigar. Alhali a wurin maharbi na gaske rabin farauta a nan take. Tun a gida, kafin ya sa ƙafa a daji, ya riga ya yanke shawarar dabbar da zai iya kashewa yau da wadda zai gani ya kawar da kai.

Mu Hausawa muna cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Karin magana ce mai daɗi, mun sha rufe babi da ita. Amma duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba a ƙauyukan Jega ko Maiyama ya ji yadda suke kallon wannan magana. A wurinsu kuskure asarar albarushi ce kawai. Harbi a wutsiya kuwa dabba ce za ta shige duhuwa da rauni, ta kwana tana zubar da jini, tsutsa ta kama wurin, ta mutu inda ba mai cin ta sai ungulu. In kuma ɓauna ce, ta laɓe ta jira wanda ya biyo sawunta, ko wani bawan Allah mai neman itace da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bari mu ɗan daɗe a kan ɗurin kansa, don a nan muka fi rauni.

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko baushe, ta baki ake ɗura ta. Albarushi ke fara shiga, a danna shi da tsumma, sannan harsashi, a sake dannawa don kada ya zube in an sunkuyar da bakin. Tsofaffi da yatsu suke auna ɗuri, a jikin ƙarfen da suke dannawa da shi, kuma kowace bindiga da iyakar abin da take ɗauka. Wanda ya zarce, ko don zuciya ko don a ce bindigarsa ta fi ƙara, bututun kan fashe a hannunsa. Da yawan waɗannan bindigogi maƙera ne suka haɗa su da bututun ƙarfe da ba don wuta aka yi shi ba. Shi ya sa in kun lura, a taron maharba ba a rasa mai guntun yatsu ko tabon ƙuna a kumatu. Wannan tabon kaɗai ya ishi marubuci mai ido shafi guda.

Sai kuma abin da ake zubawa a gaba. Mai neman zabon daji, ko fakara, ko kirinjijiya a fadamun Gulbin Zamfara, ƙananan ƙwayoyi masu yawa yake sawa, don su watsu su sami tsuntsu ko yana tashi. Mai neman gada ko mazo ƙwayoyinsa sun fi girma, ba su kai waɗancan yawa ba. Mai niyyar babbar dabba kuwa dunƙulen darma yake sawa, guda ɗaya ko biyu, don yana son nauyin da zai karya ƙashi ya isa huhu ko zuciya. Darma ake so saboda nauyinta da taushinta: tana riƙe ƙarfinta a tafiya, in ta shiga nama ta baje ta buɗe hanya. Wanda ba shi da ita ya cusa guntayen ƙusa ko ƙwayoyin boris na keke, su kuma ba su da tabbas, kowanne da inda yake nufa, sun fi raunatawa a kan kashewa.

To ga inda labari yake. Maharbi ya fito da ɗurin zabo, sai ga gwanki a gabansa, taku ashirin. Iyali na gida, tukunya ba nama, ga dabbar da za ta ciyar da unguwa. Ya san ƙwayoyin da ke cikin bindigarsa ba za su wuce fata da tsoka ba. Ya kuma san kafin ya sauya ɗuri dabbar ta yi nisa. Me zai yi? A wannan tsayuwar ta 'yan daƙiƙu ake gane ko wane irin mutum ne. Mu kuwa sai mu tsallake ta, mu ba shi bindigar fim ɗin Indiya wadda ba ta ƙarewa.

Akwai sauran ƙananan abubuwa da suke sa mai karatu ya yarda da mu. Cikin bututun bindigar toka sumul yake, ba shi da zanen da ke murɗa harsashi kamar na bindigar soja, don haka ba ta da saiti daga nesa. Dole maharbi ya matso, kuma dalilin sanɗa ke nan, da lura da inda iska ke kaɗawa, da dako a bakin mashaya, da ɗaura kan burtu a goshi ana tafiya a duƙe ana kwaikwayon kiwonsa har a shiga tsakiyar dabbobi. In an harba, farin hayaƙi ne ke turnuƙe gaban mutum, sai ya duƙa ko ya kauce kafin ya ga abin da ya faru. Da damina albarushi kan sha sanyi, a ja kunama ta ce ƙyas, wuta ba ta tashi ba. Wani lokaci kuma ta yi jinkiri, sai mutum ya sauke bindiga sannan ta tashi. Wa ya taɓa karanta wannan a littafinmu?

Wani zai tambaya, me ya sa har yau wannan tsohuwar bindiga ce a hannun maharbinmu? Ba son ransa ba ne. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasels, suka taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, amma suka bar ƙofa ga bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗuri ta baki, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ashe ko bindigar toka ba a riƙe ta haka siddan. Marubucin da ya san wannan zai iya sa jaruminsa ya isa shingen bincike da takarda a aljihu ko babu, kuma labarin ya sauya.

Yanzu mu leƙa wata ƙasa, don a ga abin da muke nufi da cewa ɗuri ilimi ne da ya cancanci rubutu.

A yammacin Amurka akwai wata dabba da suke kira elk, dangin barewa ce mai ƙahoni masu rassa kamar busasshiyar bishiya, namijinta kan haura kilo 300. In muna neman kwatankwacinta a dajinmu sai mu ce gwanki, wanda shi ma kan kai kilo 250 ko fiye. Mafarautan can sun shafe shekaru masu yawa suna gardama a kan bindigar da ta dace da wannan dabba, kuma gardamar a rubuce take. Wasu na rantsuwa da .30-06, wadda sunanta ke nufin faɗin baki kashi 30 cikin ɗari na inci, da shekarar 1906 da sojan Amurka ya karɓe ta. Wasu sun fi son .270 Winchester ta 1925, wasu 7mm Remington Magnum ta 1962, wasu .300 Winchester Magnum ta 1963. Da 6.5 Creedmoor ta fito a 2007 sai sabuwar rigima ta ɓarke: matasa na cewa ba ta dukan kafaɗa, don haka an fi saiti da ita, tsofaffi na cewa ta yi ƙanƙanta ga dabba mai wannan girma. In aka tace duk wannan surutu, tambaya ɗaya ce da ta tsohon maharbin Maiyama: abin da na ɗura zai isa inda rai yake, ko zai tsaya a kafaɗa?

Da yawansu ma ba sa sayen harsashi haɗaɗɗe. Su tara kwanso, su auna albarushi a sikeli, su zaɓi kan harsashi, su haɗa da hannunsu, su je su gwada, su rubuta sakamako a ɗan littafi. Kamfanoni irin su Hornady da Nosler da Lyman suna buga manyan littattafai a kan haka, ana sabunta su lokaci zuwa lokaci. Labarin Nosler ɗin ma abin ji ne. A 1946 wani mutum mai suna John Nosler ya je farauta a Kanada, ya harbi wata ƙatuwar dabba da laka ta bushe a kafaɗarta, harsasansa suka riƙa tarwatsewa ba su shiga ciki ba. Abin ya dame shi. Ya koma gida ya ƙera harsashi mai shamaki a tsakiya, gabansa ya baje, bayansa ya ci gaba da kutsawa, ya fara sayarwa a 1948. Har yau ana amfani da shi. Harbi ɗaya da bai yi kyau ba ya haifi kamfani. A wurinmu maharba nawa ne suka gano irin wannan dabara da darma da tukunyar narki, suka mutu da ita a ka?

Kuma hukuma ta shiga maganar. A jihar Kolorado, wadda ta fi kowace jiha yawan wannan dabba, doka ta hana harbin ta da bindigar da faɗin bakinta bai kai milimita 6 ba, ko da kan harsashin da nauyinsa bai kai kimanin giram biyar da rabi ba. Wanda ya raunata dabba kuma wajibi ne ya yi ƙoƙarin bin sawunta. Wato abin da tsohonmu yake yi don kunya da tsoron Allah, su sun mayar da shi doka.

Ba mu kawo wannan don mu ce Bature ya fi mu tausayin dabba ba. Mu tamu ƙa'idar ta riga tasu, kuma kowane yaro ya san farkonta. Wanda ya taɓa harbin kurciya da danƙo ya san in ta mutu kafin ya yanka, mushe ce, don bugu ne ya kashe ta, kuma aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta lissafa wadda bugu ya kashe cikin haram. Da bindiga ta zo, malaman Malikiyya na baya sun yi saɓani a kan harsashin darma, da yawansu suka halatta, saboda yana hudawa ya zubar da jini, da sharaɗin an ambaci sunan Allah lokacin harbi, kuma in an tarar da dabbar da sauran rai a yanka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Jega da Aliero, ta yi maganar abin farautar da ya ɓace wa mai shi har ya kwana, kuma sanannen hukunci a mazhabarmu shi ne ba a cin sa, ko da yake akwai bayani a ciki da malamai za su fi mu warwarewa. Ku duba yadda fiƙihu ya haɗu da ɗuri. Wanda ya sa ɗurin zabo ya harbi gwanki, ya gudu ya mutu da dare, ya kashe rai kuma bai sami halas ba. Kirarin gwanki sha bara ne, wato ya saba da a auna shi ya tsira. Mun taɓa tambayar kanmu da wane irin rauni yake tsira?

Sai dai a nan dole mu faɗi abin da ba daɗi. Gwankin da muke ta magana, wa ya gan shi a tsakanin Jega da Aliero da Maiyama? Mu dai da muke 'yan shekara ashirin da wani abu a kirari muka san shi. Inda kakanni ke cewa duhuwa ce, yau gonar gero ce, ko albasa, ko shinkafar rani da injin ban ruwa ke ruri a kanta. Mai son ganin gwanki ko kanki ko ɓauna sai ya nufi gandun dajin Kainji, ko Yankari a Bauchi, ko gandun W da Nijar da Benin da Burkina Faso suka yi tarayya a kansa. Da giwaye suka ɓullo a yankin Koko/Besse a 2018, labari ne da ya cika ƙasa, mutane na tururuwar kallo. Noma da yawan jama'a su ne babban dalili, amma maharba ma suna da nasu kason. Fitilar goshi da dare, wadda ke daskarar da dabba a tsaye, ba ta tambayar mai ciki ce ko mai shayarwa. Ƙona daji da rani don zomo da gafiya ya cinye abin da bindiga ba ta ci ba. Marubucin da zai yi wa maharbi adalci sai ya rubuta wannan ma.

Su ma Amurkawan sun taɓa kai tasu dabbar bakin ƙarewa. A farkon ƙarni na 20 abin da ya rage bai kai dubu 50 ba. Suka ƙayyade lokacin farauta da adadin da mutum zai kashe, a 1937 kuma suka yi dokar da ta ware harajin bindiga da harsashi don kula da namun daji. Yau ana maganar kimanin miliyan ɗaya. Arewacin Najeriya ma yana da dokar namun daji tun 1963. Ko nawa ne a cikinmu suka taɓa jin an ambace ta?

Da namun suka ƙare, maharbi bai ajiye bindiga ba, aikinta ne ya sauya. Shi ne ɗan banga, shi ne ɗan sa-kai, shi ake tasa a gaba in an kore shanun gari. A nan ne kuskurenmu na harbi bakwai a jere ya daina zama abin dariya. Mutumin da ke da harbi ɗaya a bututu yana fuskantar mai AK-47 da harsashi 30 a gidan harsashi guda. A watan Maris na 2022 'yan sa-kai fiye da 60 aka kashe a kwanton ɓauna a masarautar Zuru, a jiharmu. Duk lokacin da muka rubuta jarumi mai laya da guru yana karkaɗe harsashi kamar ƙudaje, bindigar tokarsa na zazzaga wuta, akwai yaro ɗan shekara sha bakwai da ke karantawa a waya, kuma gobe shi za a kira a bi sawu. Ba mu ce littafinmu ne ke kashe mutane ba. Amma ƙaryar da muke ƙara wa wannan bindiga ba a kanmu take ƙarewa ba.

Ta ɗaya gefen kuma ga Uromi. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a wannan gari na jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin Sallah, aka ga bindigogin toka a motar da suke ciki, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 aka ƙona su. Akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure ne. Ba mu da butulcin da za mu ce wani littafin Hausa zai iya tsayar da wannan taron. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne bayan abin ya faru, da aka shiga muhawara a ƙasa, mu da muke kiran kanmu marubuta ba mu da wani rubutu da za mu miƙa mu ce ga ko wane ne mafarauci, ga dalilin da yake tafiya Kudu da karnuka da rani, ga bambancin bindigarsa da ta ɗan ta'adda. Mawaƙa sun yi nasu. Kassu Zurmi ya adana mana kirarin 'yan tauri da maharba, Gambo na Fagada a ƙasar Maiyama ya shiga duniyar da kowa ke tsoro ya fito da harshenta. Su zuga suka adana, don ita ce sana'arsu. Sanin aikin kansa, wanda sai a zube yake zama, shi ne aka bar mana, muka bar shi.

Mun san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a zaman ƙungiya: a wannan zamani na rashin tsaro, rubuta yadda ake ɗura bindiga ba koyar da ɓarna ba ne? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. Amsarmu ita ce ba awo muke nema ba, kuma ko a wannan rubutu ba mu kawo shi ba. Babu labarin da yake buƙatar yadda ake haɗa albarushi ko yatsu nawa ake zubawa, kuma duk wanda ya kawo mana rubutu mai irin wannan za mu ce ya cire. Ɗan ta'adda kuma ba a littafin Hausa yake neman makami ba. Abin da labari ke buƙata shi ne hukuncin mutum: me ya sa ya zaɓi wannan ya bar wancan, yaushe ya ƙi harbi, me ya ji da ya bi jini har magariba bai samu ba, me ya gaya wa matarsa da ya dawo hannu rabbana.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, musamman ga 'yan uwa na Jega da Aliero da Maiyama da kewaye. Kusan kowane gari yana da Sarkin Baka ko wani dattijo da maharba ke jin maganarsa. A je da goro da ladabi, a gaishe shi Baba, a nemi izini kafin a kunna na'urar ɗaukar murya. Kada a fara da tambayar asiri, don nan take zai rufe baki, kuma yana da gaskiya. A tambaye shi dabbar ƙarshe mai girma da ya gani da idonsa, a wane daji, zamanin wane sarki. A tambaye shi sunayen sassan bindigarsa ɗaya bayan ɗaya, da bakinsa na Kabanci, a rubuta yadda ya faɗa ba tare da an gyara masa zuwa Kananci ba. A tambaye shi wa ya koya masa ɗuri, da dukan da ya sha kafin ya iya. In hira ta yi daɗi, ya saki jiki, sai a tambaye shi ranar da ya raunata dabba ta tsere masa, sannan a yi shiru a bar shi ya ba da amsa.